Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo: Jirgin Victory da Tarihin Kwangilar Gyara

A ranar 7 ga Mayu, 1765, aka sauke wani sabon jirgin ruwan yaƙi a tashar ƙera jirage ta Chatham, a kudu maso gabashin Ingila. Sunansa Victory, wato Nasara. An yi kusan shekara 6 ana aikinsa, ya cinye bishiyoyi wajen 6,000, ya kuma ci wa baitulmalin ƙasar fam 63,176. Bayan shekara 35 aka komo da shi wannan tasha domin a yi masa babban gyara. Masu lissafi sun ƙiyasta fam 23,500 za su isa, amma da kafintoci suka ɓamɓare katakon waje suka ga ɓarnar da ke ciki, aikin bai ƙare ba sai da ya lashe fam 70,933. Ko an cire tsadar kaya ta lokacin yaƙi, gyara ɗaya ya yi kafaɗa da kafaɗa da kuɗin ƙira.

Yawancin waɗanda suka san sunan wannan jirgi sun san shi ne ta dalilin Yaƙin Trafalgar na 1805, inda Admiral Nelson ya karya rundunar haɗin gwiwar Faransa da Sifen, ya kuma rasa ransa a cikinsa. Ni kuwa waɗancan alƙaluma ne suka fi jan hankalina. Jirgin da ya shiga Trafalgar ya riga ya shekara 40 a kan ruwa, kuma ba don wasu takardun yarjejeniya da aka ƙulla tsakanin gwamnati da fataken katako da maƙeran jan ƙarfe ba, da tuni ya zama itacen girki. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, ƙarfin rundunar ruwa yana rataye ne a kan yadda gwamnati ke sayen gyara. Gwamnatin da ba ta san aikin da take saye ba, ko kuwa ba ta biya a kan kari, rundunarta ta takarda ce.

Abokan gaba marasa tuta

Jirgin katako yakan fara mutuwa tun ranar da ya taɓa ruwa, ko ya je yaƙi ko bai je ba. Victory kansa bai je ko'ina ba bayan an gama shi, domin an riga an yi sulhu da Faransa. Shekara 13 ya yi a ɗaure a Kogin Medway, ba bindiga ba mayaƙa, sai 'yan masu gadi, kuma a cikin wannan zaman ma sai da aka yi ta canza masa ruɓaɓɓen katako. Daga sama ruwan sama na tsiyaya cikin kafofi yana haifar da ruɓa. Daga ƙasa gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna manne wa cikinsa, har su rage masa gudu. Mafi muni duka ita ce tsutsar teku, wata halitta dangin dodon koɗi, wadda ke shiga katako ta ƙaramar kafa ta rarake cikinsa, ta bar bayansa sumul. Duk wanda ya taɓa dafa azarar da gara ta cinye, hannunsa ya burma, ya san irin wannan ɓarna.

Hukumomi biyu ke da alhakin rundunar a wancan zamani. Akwai Admiralti, mai tsara yaƙi da naɗa kwamandoji, akwai kuma Hukumar Jirage, mai ƙira da gyara da sayen kaya. A ƙarƙashin ta biyun akwai manyan tashoshi 6: Chatham, Portsmouth, Plymouth, Deptford, Woolwich da Sheerness. Ma'aikatan tashoshin na gwamnati ne, amma kusan duk abin da hannunsu ke taɓawa daga ɗan kwangila ya fito. Katakon ok, bishiyar da take a wurinsu kamar maɗaci a wurinmu, kuma takan yi shekara 100 kafin ta isa sara, daga dazuzzukan Ingila fatake ke kawo shi. Ramar igiya daga Rasha, baƙin ƙarfe daga Suwidin, kwalta da dogayen itatuwan da ake kafawa a tsakiyar jirgi daga ƙasashen Tekun Baltik da Amurka ta Arewa. Idan yaƙi ya yi zafi, har ƙirar jirage sukutum akan ba tashoshin 'yan kasuwa.

Tsarin yana da wani rauni da ba a cika ambata ba, wato biya. Hukumar ba ta biyan ɗan kwangila da tsabar kuɗi. Takardar alkawari take ba shi, ya jira layi ya zo kansa, wani lokaci shekara ko fiye. Mai buƙatar kuɗi da gaggawa sai ya sayar da takardar a kasuwar Landan a kan ragi. Fatake ba wawaye ba ne, saboda haka sukan cusa wannan asara cikin farashi tun daga farko. Ta haka gwamnati ta riƙa biyan kuɗin jinkirinta da kanta, ƙananan 'yan kasuwa kuma suka janye suka bar fagen ga 'yan tsirarun masu jarin da zai iya jira. Sai a ƙarshen shekarun 1790 aka taƙaita wa'adin biya zuwa kwana 90.

Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe

A 1761 aka gwada wata dabara a kan wani matsakaicin jirgi mai suna Alarm: aka lulluɓe cikinsa da siraran fallayen jan ƙarfe, aka tura shi ruwan Karibiyan inda tsutsa ta fi yawa. Ya dawo katakonsa lafiya lau, cikinsa kuma fes, domin jan ƙarfe guba ne ga halittun da ke mannewa. Sai dai an ga wani abin tsoro: baƙin ƙarfen da ke kusa da jan ƙarfen ya zagwanye. Yau mun san dalili. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a ruwan gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Da yake ƙusoshin baƙin ƙarfe ne ke riƙe da ƙashin jirgi gaba ɗaya, sai aka yi ta ɗari-ɗari da dabarar kusan shekara 20.

Yaƙin 'yancin Amurka ne ya tilasta yanke shawara. Faransa ta shiga yaƙin a 1778, Sifen ta biyo baya a 1779, Ingila ta tsinci kanta da ƙarancin jirage. A shekarar 1778 ɗin aka naɗa Charles Middleton Kwanturolan Hukumar Jirage. Tsohon kyaftin ne, ya san teku, ya kuma san lissafi. Hujjarsa mai sauƙi ce: jirgin da ba sai an riƙa shigar da shi tasha ana kankare cikinsa ba zai daɗe a bakin aiki, ke nan lulluɓe tsofaffin jirage daidai yake da ƙara yawansu. Ya shawo kan Lord Sandwich, shugaban Admiralti, suka je tare suka shawo kan Sarki George na III. Don kare ƙusoshi, aka riƙa shimfiɗa takarda mai kauri da aka jiƙa da mai da kwalta tsakanin katako da jan ƙarfe. A 1780 aka lulluɓe Victory da falle 3,923, kuma kafin yaƙin ya ƙare mafi yawan manyan jiragen rundunar sun sami wannan riga.

Wannan aiki ya buɗe kasuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. An yi dace, a 1768 an gano tarin jan ƙarfe a Dutsen Parys da ke tsibirin Anglesey na Wales, kuma wani lauya mai suna Thomas Williams ya tattara harkar a hannunsa har ana yi masa laƙabi da Sarkin Jan Ƙarfe. William Forbes, wani maƙeri ɗan Aberdeen da ke riƙe da kwangilar kawo wa rundunar fallaye, ya yi arzikin da a 1783 ya sayi katafariyar gonar Callendar da fadarta a Sikotland.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A ranar 29 ga Agusta, 1782, babban jirgin Royal George ya nutse a mashigar Portsmouth, ana tsakiyar karkata shi gefe guda don gyara wani bututu da ke ƙasan ruwa. Mutane fiye da 800 suka halaka, har da mata da yara da suka zo ban kwana, har da Admiral Kempenfelt wanda watanni kaɗan kafin nan Victory ne jirginsa. Kotun soja ta ɗora laifin a kan ruɓewar katako, wato a wuyan Hukumar Jirage, ko da yake masana da dama na ganin sakacin hafsoshi ne ya bar ruwa ya kwararo ta tagogin bindiga. Makonni kaɗan bayan haka guguwa ta rutsa da ayarin jiragen da ke dawowa daga Jamaika, aka rasa Centaur da Ramillies da Ville de Paris da Glorieux. Zargi ya koma kan ƙusoshin da jan ƙarfe ya cinye a ɓoye, har aka fara maganar a daina lulluɓin baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, darasi mafi daraja a wannan tarihi. Hukumar ba ta mallaki masana'antar narka ƙarfe ba, amma ta san ainihin abin da take nema: ƙusa ta jan ƙarfe mai taurin da za a iya buga ta cikin katako mai kauri ba ta lanƙwashe ba. Da ta fayyace buƙatarta, sai 'yan kwangila suka shiga tsere. Forbes ya fito da tasa dabarar a 1783, John Westwood da William Collins, waɗanda ke aiki da Williams, suka fito da tasu, duk ta hanyar matse jan ƙarfe a tsakanin manyan naɗe-naɗen ƙarfe har ya taurara. Hukumar ta gwada, ta gamsu, a 1786 ta ba da umarnin sauya ƙusoshin jiragenta. Gwamnati ta kawo sanin matsala, ɗan kasuwa ya kawo jari da ƙwarewa.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan mutane kishin ƙasa ke tura su. Williams ya sayar wa rundunonin Faransa da Sifen da Holan irin kayan da ya sayar wa Ingila. Masana'antunsa kuma na ƙera mundaye da tasoshin jan ƙarfe da ake musayar bayi da su a gaɓar Afirka ta Yamma, har ya kai kuka Majalisa a 1788 lokacin da ake shirin sa wa cinikin bayi ƙa'ida. Ɗan kwangila inda riba take nan yake. Aikin mai mulki shi ne ya tsara ciniki yadda ribar za ta biyo ta hanyar aiki mai kyau.

Garin neman gira

Wanda ya ƙi yarda da wannan magana shi ne John Jervis. A 1797, yana cikin Victory, ya ci rundunar Sifen da yaƙi a gaɓar Cape St Vincent, aka ba shi sarautar da ke ɗauke da sunan wurin. A 1801 Lord St Vincent ya zama shugaban Admiralti, da tabbacin cewa tashoshin gwamnati matattarar ɓarayi ce, 'yan kwangila kuma sun fi su.

Ba ƙarya ya yi ba. Tun da daɗewa kafintocin tasha na da izinin kwashe guntayen katako da ba su kai ƙafa 3 ba su tafi da su gida, kuma ba sai an faɗa ba, lafiyayyen katako ya riƙa zama guntaye da daddare ko da rana. A 1801 aka soke wannan al'ada aka maye gurbinta da 'yan kuɗi a kan albashi. Akawuna na karɓar na goro kafin su amshi kaya. A 1802 St Vincent ya zaga tashoshin da kansa, ya kori ma'aikata da yawa, ya kuma matsa wa Majalisa ta kafa hukumar bincike, wadda rahotanninta suka tono kwangilolin da aka biya ninkin ba ninkin abin da aikin ya cancanta.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne katako. An naɗa jami'an tantance katako a tashoshi, waɗanda don tsoron fushin maigida suka riƙa mayar da kaya a kan ƙaramin aibi, alhali an ƙi ƙara farashi. Manyan fataken ok kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma bakinsu ɗaya. Suka ja da baya, rumbunan tashoshi suka fara yashewa. St Vincent ya kuma ƙi ba tashoshin 'yan kasuwa aikin ƙira da gyara, yana mai cewa na gwamnati sun isa idan an kawar da lalaci. Wataƙila da an sami shekara 10 na zaman lafiya da maganarsa ta tabbata. Amma sulhun da aka yi da Napoleon bai wuce wata 14 ba. Yaƙi ya dawo a Mayun 1803, jirage na jiran gyara, ba katako. Nelson, wanda ya ɗaga tutarsa a Victory a wannan wata, ya yi ta aiko da ƙorafi daga Bahar Rum kan lalacewar jiragensa da rashin kayan gyara. A Maris ɗin 1804 William Pitt ya caccaki Admiralti a Majalisa, kafin ƙarshen Mayu gwamnati ta faɗi, St Vincent ya tafi da ita.

Magajinsa, Lord Melville, ya sasanta da fatake, ya mayar da aiki ga tashoshin 'yan kasuwa, ya kuma karɓi shawarar Gabriel Snodgrass, mai duba jiragen Kamfanin Gabashin Indiya: maimakon a warware tsohon jirgi a sake gina shi, a ƙara masa rigar katako daga waje, a tokare shi da ginshiƙai a karkace daga ciki. Gyaran wucin gadi ne, amma ya mayar da manyan jirage da dama bakin aiki cikin watanni. Sai ga shi hukumar binciken da St Vincent ya bari ta fitar da rahotonta na 10, wanda ya nuna an yi wasa da kuɗin rundunar a zamanin da Melville ke ma'ajinta. A Afrilun 1805 ƙuri'a ta yi kunnen doki a Majalisa, 216 da 216, Kakaki ya jefa tasa a kan Melville, ya sauka. An wanke shi a shari'ar 1806, amma bai sake riƙe muƙami ba. Wanda aka ɗauko ya gaje shi shi ne Charles Middleton, mutumin jan ƙarfe, yana da shekara 78, da sabuwar sarautar Lord Barham. Shi ya tattara jiragen da Nelson ya kai Trafalgar ranar 21 ga Oktoba, 27 a gaban 33.

Ban ga dalilin zaɓar gwani tsakanin St Vincent da Melville ba. Na farko ya tsani sata har ya kusa barin ƙasarsa ba jirage, na biyu ya samar da jirage amma hannunsa bai fita daga zargi ba. Abin da ya ɗore daga zamanin St Vincent shi ne inda aka gina madadi kafin a yi faɗa. A Portsmouth, Samuel Bentham ya kafa wa gwamnati masana'antar narka tsohon jan ƙarfe a sake mayar da shi falle, Marc Brunel kuma ya ƙirƙiro injinan sassaƙa 'yan ƙafafun katakon da igiyoyin jirgi ke bi ta cikinsu, waɗanda zuwa 1808 ke fitar da guda 130,000 a shekara. Daga ranar da gwamnati ta iya yin abu da hannunta, ta san kuɗinsa na gaskiya, ta kuma iya zama teburin ciniki ba tare da an murɗe mata hannu ba.

Tsufa ma da kuɗinsa

Victory ya bar fagen yaƙi a 1812, ya yi fiye da shekara 100 a ɗaure a Portsmouth yana ruɓewa a hankali. Jama'a ne suka cece shi. Wata ƙungiyar masu binciken tarihin teku ta buɗe asusun neman taimako, attajiri James Caird ya ba da kaso mai tsoka, a Janairun 1922 aka shigar da jirgin busasshen gurbi inda yake har yau. Ko a nan bai huta ba. Bam ɗin Jamus ya taɓa shi a 1941, wani ƙwaro mai cin katako ya addabe shi a shekarun 1950, har aka riƙa maye gurbin ok da katakai masu mai a jiki, ciki har da loko na dazuzzukan Afirka ta Yamma, wanda Yarbawa ke kira iroko.

A Disambar 2011 Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta ba kamfanin BAE Systems kwangilar fam miliyan 16 ta shekara 5 don kula da jirgin. A Maris ɗin 2012 aka miƙa shi ga wata gidauniya ta musamman a ƙarƙashin gidan tarihin rundunar, da asusun fam miliyan 50, rabi daga gidauniyar Gosling, rabi daga ma'aikatar. Hikimar wannan mataki ita ce raba kuɗin gyara da kasafin shekara-shekara, inda kullum gyara ne farkon abin da ake yankewa. Da aka auna jirgin da kayan zamani, sai aka gano cikinsa na buɗewa da kusan rabin santimita a shekara, domin an ƙera shi ne ruwa ya rungume shi ta ko'ina, ba ya zauna a kan ƙafafun ƙarfe 22 ba. Aka sauya su da matokarai 134, kowane da na'urar auna nauyi. A 2022 aka shiga wani babban gyaran na shekaru. Kaɗan ne ya rage daga katakon 1765, amma jirgin na nan a rajistar rundunar, mafi tsufa a duniya cikin jiragen yaƙi da ba a sallama ba.

Daga Portsmouth zuwa Legas

A 2005, da aka cika shekara 200 da Trafalgar, jiragen ƙasashe da dama sun taru a mashigar Portsmouth. Cikinsu akwai na Nijeriya mai suna da Hausa, Aradu. Kamfanin Blohm + Voss na Hamburg ne ya ƙera shi, aka ƙaddamar da shi a 1982, tsawonsa kimanin mita 125, kuma shi ne babban jirgin rundunar ruwan ƙasar. Ya sha gyara a tashar rundunar da ke Legas a farkon shekarun 1990, ya je Birazil a 2007, daga nan ya yi shekaru a ɗaure a bakin gaɓa. A 2023 rundunar ta sa hannu a yarjejeniyar sabunta shi da kamfanin Dearsan na Turkiyya.

Aradu na ƙarfe ne, tsutsa ba ta cin sa, amma tsatsa da gishiri da rashin kayan inji na yi masa abin da ruɓa ta yi wa Victory a Medway. Mu da muke nesa da teku muna iya ganin abin bai shafe mu ba, alhali man fetur ɗin da ke cika asusun da jihohinmu ke rabawa duk wata ta ruwa yake fita, kuma waɗannan jirage ke gadinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka duk ranar da aka tara jama'a da kaɗe-kaɗe don ƙaddamar da sabon jirgi, tambayoyin da tarihin Victory ya koya mini in yi su ne: wa ke riƙe da kwangilar gyaransa, wane jami'i ne a gwamnati ya san aikin har zai iya ƙin karɓar marar kyau ba tare da ya kori mai kyau ba, kuma daga wane asusu za a biya a shekara ta 10, lokacin da waɗanda suka yanka kintinkiri duk sun bar ofis?